Gaisuwar Sallah Daga Holan

Zuwa ga Baba da Umma da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mun yi idi da safe a wani zaure, hankalina yana can filin Ƙofar Mata, daga nan na wuce ɗakin gwaji, domin kwana biyu ke nan muna sanyaya na'urarmu kuma ba a barinta babu mai dubawa. Ina zaune a gabanta na tuna tambayar da Baba ya yi mini cikin azumi a kan ainihin abin da nake bincike, wadda ban amsa yadda ya kamata ba.

Baba ne ya fara nuna mini a shago cewa idan waya ta ɗauki zafi wuta tana shan wahalar wucewa, idan ta huce kuma hanya ta buɗe. Haka masana suka ɗauka, har shekarar 1934 da aka sanyaya wayar zinariya a birnin Laidin na ƙasar nan, aka ga turjiyarta ga wucewar wuta tana ta raguwa, amma da sanyin ya tsananta sai ta koma hawa. An shekara 30 ana neman dalili kafin wani masani ɗan Japan, Jun Kondo, ya warware shi a 1964. Ashe ƴan ƙwayoyin zarra masu maganaɗisu, irin na baƙin ƙarfe, da suka gauraya da zinariyar ne sanadi. Kowane ilektiron, wato ɗan ƙwayar da ke ɗaukar wuta a cikin waya, yana ɗauke da ɗan maganaɗisunsa, to idan sanyi ya kai matuƙa sai su taru su kewaye baƙuwar ƙwayar nan har su rufe ƙarfinta, kamar yadda dogarai suke kewaye Sarki ranar Hawan Daushe. Mutum ɗaya ne a tsakiya, amma taron da ke tare da shi ya cika titi, masu wucewa sai sun kauce.

Wayoyinmu kuwa siraransu ya wuce misali, don sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. A 1988 aka gano a birnin Delf na ƙasar nan da Kambirij na Ingila cewa a irin wannan matsi, idan ana faɗaɗa hanyar, wuta ba ta ƙaruwa sannu a hankali, hawa-hawa take yi kamar matakala, kuma turjiyar matakin farko kusan om 12,900 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), adadin da mitar Baba ma za ta iya nunawa. Babban titi yana jure mai tsayuwa, amma a lungu irin na Kasuwar Kurmi mutum ɗaya ya isa ya tsayar da kowa. Aikina shi ne auna yadda ƙwaya ɗaya tak mai maganaɗisu take sauya matakan nan, kuma har yau, wallahi, duk lokacin da layin ya lanƙwasa a kan allon kwamfuta sai tsigar jikina ta tashi, ganin abin da ido ba ya iya gani ya bar sawunsa.

Ina roƙon Baba da Umma su ci gaba da sa mini albarka, awon da ya rage na wannan makon shi ne mafi wuya. A gaishe mini da Gwaggo da su Yaya, goron sallar yara kuma yana hannun Kawu.

Wassalam,
Ɗanku.