Sanarwa: Makon natsuwa a cikin aikin gida

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Da fatan mun wuni lafiya.

A zamanmu na ƙarshe da yawanmu sun koka cewa hannu na aiki, zuciya na wani wuri, har girki ya ƙone ba a sani ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Daga gobe Lahadi zuwa Juma'a, kowacce ta zaɓi aiki ɗaya tak, wanke-wanke ko tsince shinkafa. Ki bar waya a ɗaki. Ki yi Bismillah, ki ja numfashi a hankali sau 3, ki tsayar da hankalinki kan abin da ke hannunki: sanyin ruwa, ƙamshin sabulu, tsakuwar da ta ɓuya cikin shinkafa. Tunani zai kutso, dole ne. Kada ki ji haushin kanki, ki dai dawo da hankali kan aikin. Minti 10 ya isa.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu haɗu gidan shugabarmu a Badariya, nan Birnin Kebbi, kowacce ta faɗi yadda ta ji. A taho da naira 300 na zoɓo. Wadda ba za ta samu zuwa ba ta sanar da ni kafin Alhamis.

Allah ya bar zumunci.
Taku, sakatariya.