Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iso, kuma na yi dariya da ka tambayi abin da ya haɗa ni da zane da girmana.

Kunya ce ta jawo shi. Wata rana ɗana ya tambaye ni zanko nawa ne a kan zauren gidanmu na gado, sai na rasa amsa, alhali na fi shekara 30 ina shige da fice ta wannan ƙofa. Washegari na sayi ƙaramin littafi marar layi da fensir, na sa wa kaina ƙa'idar zana abu ɗaya kullum bayan La'asar, in sa kwanan wata da sunan wurin, sannan in rubuta a gefe duk tambayar da ta faɗo mini. Har yanzu hannuna bai faɗa ba, kuma ba na zana mutum ko dabba, ka san dalili, amma gini da itatuwa da kayan sana'a sun ishe ni.

A makon jiya na zauna a marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, ina zana bakin rami da muciya. Da yake zane yana tilasta wa mutum ya daɗe yana kallon wuri ɗaya, sai na lura cewa ƙyallen da marini ya tsamo ba shuɗi yake fitowa ba, da ɗan kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe. Na tambayi wani dattijo, ya ce shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a sake tsomawa, har launin ya kama yadda ake so, daga nan ya shiga yi mini bayanin baba da toka da kanwa har aka kira Magariba. Ka tuna sau nawa muka bi ta nan da ƙuruciya ba mu taɓa tsayawa ba?

Haka ma giginya: sai da na zana ta na ga kumburin da ke jikinta can sama, wanda goruba mai rassa ba ta da shi, kuma tambayar da na rubuta ranar ita ta kai ni wurin wani magini, ya nuna mini azarar da gara ta kasa ci.

Roƙona shi ne ka zano mini rumfa ɗaya daga kasuwar Kejetia, ko da a karkace ne, ka haɗo da wasiƙarka ta gaba. Af, zankon zauren nan huɗu ne, ɗaya ya karye.

Ka gaida maiɗaki da yara. Wassalam.

Naka amini, daga Kano