Wasiƙar godiya ga kamfanin OsmAnd daga Tsaunin Mambila

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin OsmAnd, ƙasar Holan.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni malamin dabbobi ne, ina zaune a Nguroje, kan Tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba a Najeriya. Ba ku san ni ba, ni ma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinku ba, amma damina huɗu ke nan manhajarku ta taswira a waya tana cikin aljihuna duk inda na sa gaba. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a, da harshen da abokan aikina da 'yan acaɓan da ke ɗaukarmu za su karanta su gane.

Sai na fara gaya muku irin ƙasar da nake aiki a cikinta, don ku san nauyin abin da kuka yi mini. Mai zuwa wurinmu daga Jalingo yakan bi ta Serti, in ya wuce Mayo Selbe sai hanya ta fara naɗe dutse kamar rawani, har ta kai shi Maisamari. A sama, tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma a gabashinmu, kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya. Sanyi da ciyawa da ƙarancin ƙudan tsando su suka tara shanu a nan. Da zarar mutum ya bar kwaltar da ta tafi Gembu, babu abin hawa sai babur da tsofaffin Land Rover ɗin nan da suka girmi direbobinsu. Nisa a wurinmu ba a auna shi da kilomita. Kana hango ruga da idonka, kana jin kukan maraƙi, amma tsakaninku akwai kwazazzabon da zai ci maka awa biyu. Ni kuwa allurar rigakafi nake ɗauke da ita, ta ciwon huhu da ta harbin daji, wadda ta taso tun daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato, a cikin sanyi. Ƙanƙarar da ke cikin kula ita ce agogona. In ta narke kafin in isa, wahalar ta tashi a banza, kuɗin Ardo ma haka.

Kafin in san manhajarku na gwada wata da kowa ke amfani da ita a birni. Muddin akwai sabis tana aiki, da mun gangara bayan tudu sai allon waya ya koma fili fetal, ɗigo ɗaya yana yawo a cikin fari. Wani ɗalibi da ya zo hutu daga Yola shi ya sa mini OsmAnd, ya sauke mini taswirar Najeriya da ta ɓangaren Kamaru da ke maƙwabtaka da mu, ya ce in kashe data in duba. Na kashe, taswira tana nan daram, ɗigon yana kan ƙofar gidana. A ranar na fahimci abin da mutanenmu da yawa har yau ba su sani ba: GPS na waya ba ruwansa da layin kira. Taurarin ɗan'adam ne can sama, nisan kimanin kilomita 20,200, suke ta aiko da lokaci da matsayinsu, waya tana saurare kawai. In ta ji huɗu daga cikinsu ta san inda take da kuma tsayin wurin. Abin da sabis ke kawowa hoton taswirar ne, ku kuma kun ajiye shi a cikin wayar tun daga gida.

Babban abin da na zo gode muku a kai shi ne layukan tsayin ƙasa. Na biya kuɗinsu sau ɗaya, kuma ban taɓa kashe kuɗi a kan waya da suka yi mini amfani irin waɗannan ba. Da farko na ɗauka ado ne, zane-zane masu kama da tambarin yatsa. Da na zauna da su mako guda, ina duban allo ina duban dutsen da ke gabana, sai suka fara yi mini magana. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layuka suka matsu da juna, hawa ne mai tsanani, babur ba zai yi ba sai an tura. Inda suka warwatsu, ƙasa ta kwanta. Inda suka lanƙwashe suka yi tsini suna nuna sama, rafi ne ke gangarowa ta nan, ko da ba a zana ruwan ba. Inda zobe biyu suka fuskanci juna da ɗan sarari a tsakani, sirdin dutse ne, nan shanu ke ƙetarawa, nan ni ma zan ƙetare. Kun kuma ƙara inuwar da ke fito da tudu da kwari ɓaro-ɓaro, har yaron da bai yi makaranta ba in ya leƙa sai ya ce wannan ai dutsen bayan rugarmu ne. Yanzu kafin in zuba ƙanƙara a kula nakan zana hanyar da dare, in ga jimillar hawan da ke cikinta, in zaɓi wadda ta fi tsawo amma ta bi ƙashin bayan tudu. Sau da yawa ita ke riga gajerar isa.

Na bincika asalin waɗannan layuka, abin ya ƙara mini ganin girman aikin. A watan Fabrairun 2000 jirgin sama jannati na Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da na'urar rada. Awo mafi kyau na Afirka, na tazarar mita 30, sai a 2014 aka sake shi ga kowa. Hanyoyi da garuruwan kuwa daga OpenStreetMap kuke ɗauko su, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa. Duk wannan dukiya tana ajiye, amma a inda mai babur a Nguroje ba zai taɓa kai hannu ba. Ku kuka haɗa ta wuri ɗaya tun daga 2010, kuka sa ta cikin wayar da ɗan kasuwa zai iya saya, kuka kuma bar rubutun manhajar a buɗe ga duk mai son dubawa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikacin sadarwa, muna ce masa Baba Injiniya. Yana cikin masu riƙe da lasisin rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo ba don kasuwanci ba, waɗanda lambar kiransu a Najeriya ke farawa da 5N. Shi ya zaunar da ni ya koya mini, ya tsaya a kaina har na sami nawa lasisin, don ya ce ba zai ba ni oba-oba in shiga daji da ita ba takarda ba, a wannan zamani da ake zargin duk wanda aka gani da eriya. Ya kuma gindaya mini sharaɗi: ba ciniki a kan iska, ba zancen kuɗin allura, sai gwaji da gaisuwa da sanar da inda nake. Shi ya nuna mini APRS, tsarin aika matsayin mutum ta rediyo da Bob Bruninga, mai lambar kira WB4APR, wanda ya rasu a 2022, ya ƙirƙiro a Amurka. Yadda yake aiki ba wuya. Wata manhaja mai suna APRSdroid tana karɓar matsayina daga GPS, ta mayar da shi wani ɗan ƙara mai kama da kukan gyare, ƙarar ta bi kebul ta shiga rediyo, rediyo ta cilla ta a kan megahaz 144.800. Baba yana gida da eriyarsa a kan dogon itacen turare, kwamfutarsa ta mayar da ƙarar lambobi.

Na san ba ku kuka yi wannan tsari ba, amma a ƙasa irin tamu ba ya tafiya sai da taswirarku. Rediyon wannan zango kamar ido take, abin da dutse ya kare ba ta kai masa. In ina cikin kwari ko na yi ta kira har batir ya ƙare, Baba ba zai ji ba. Saboda haka muka zauna da layukanku, muka duba kowane tudu da ke kan hanyoyina, muka ƙiyasta wanda babu abin da ya fi shi tsayi tsakaninsa da Nguroje. Rani guda na yi ina hawa ina gwadawa. Wanda muryata ta isa sai in dasa masa alama kore a taswira, wanda ba ta isa ba ja. Ƙiyasin da muka yi daga kan tabarma ya yi daidai a mafi yawansu, har Baba ya riƙa cewa, "Ɗana, wannan takardar ta san dutsen nan."

Ranar da abin ya biya ni tana cikin watan Agustan bara. Mun je wata ruga can wajen Mayo Ndaga, ni da wani yaro ɗan acaɓa. Mun gama allura da azahar, sai sama ta sako. Kafin mu dawo rafin da muka ƙetare da safe ya kawo, ya tafi da katakan da aka ɗora a kai. Sai hazo ya sauko, irin na Mambila, wanda ba ka ganin tayar gaban babur ɗinka. An ce matambayi ba ya ɓata, to wa za ka tambaya a wurin da ko saniya ba ka gani? Yaron nan haifaffen yankin ne, amma na ga ya tsaya yana juye-juye, ya nuna mini gabas ya ce yamma ce. Na ciro waya a cikin leda. Sawun da muka bi da safe yana nan ja a kan allo, domin nakan kunna naɗar tafiya kullum. Na bi tsinin layukan da ido har inda rafin ya samo asali, na ga in muka hau hagu muka bi ƙashin tudu za mu zagaye kansa ba tare da mun taɓa ruwa ba. Muka kama hanya a hankali, ina riƙe da waya, yana riƙe da babur. Muna cikin haka sarƙa ta tsinke.

Magariba ta gabato, jikinmu sharkaf, sanyi yana shiga ƙashi. Na duba taswira, alama kore mafi kusa tana sama da mu, hawan da bai kai na rabin awa ba. Muka jingine babur, na dasa masa alama, muka hau da ƙafa. A ƙwanƙolin na haɗa waya da rediyo na aika, na sake aikawa. Sai na ji muryar Baba tana ratsa shuuu ɗin rediyo: "Na gan ka, ɗana. Kada ku motsa daga nan." Ya shigar da lambobin cikin tasa taswirar, ya ga hanyar mota mafi kusa da mu, ya tashi wani direban Land Rover ya nuna masa a allo. Bayan isha muka hango fitila tana lilo a ƙasa. Washegari muka koma muka tarar da babur a daidai inda alamar ta ce. Mahaifiyar yaron ta zo har gida da ƙwaryar nono tana sa mini albarka, na ce mata akwai waɗanda suka fi ni cancanta, suna wata ƙasa mai nisa. Wannan wasiƙa saƙonta ce nake isarwa.

Akwai wani abu kuma da nake yaba muku, wanda mai zama a birni ba lalle ya ga muhimmancinsa ba. Alamomin da nake dasawa suna zama a cikin wayata, ba sa fita sai na fitar da su da hannuna. A ƙasar da ɓarayin shanu suke, wurin da ruga take amana ce. Ardo ya yarda na san ƙofarsa saboda dabbobinsa, bai ba ni izinin in nuna wa duniya ba. Saboda wannan dalili ba na kunna rediyo a cikin ruga, tunda abin da aka cilla a iska duk mai na'ura zai iya kamawa, sai na hau tudun da muka sani. Abin da nake bayarwa ga jama'a daban ne: gada, mashigin rafi, hanyar babur, sunan ƙauye yadda mutanensa ke faɗinsa. Waɗannan nakan tura su OpenStreetMap ta cikin manhajarku duk ranar da na shiga Gembu na sami sabis mai ƙarfi. Ranar da na sabunta taswira na ga wata 'yar hanya da ni na naɗo sawunta ta fito, da sunan ƙauyen a rubuce daidai, na daɗe ina kallonta.

Ga abokan aikina da za su karanta wannan, ina roƙonku abu biyu. Ku sauke taswirar tun kuna gari, ku kuma riƙe abin cajin waya na tafi-da-gidanka, domin sanyi da naɗar tafiya suna shan batir. Sannan kada ku raina ɗan jagora. Layin tsayi ba ya gaya maka rafi ya kawo yau, ba ya gaya maka gonar wa za ka ratsa, ba ya kuma gaishe da mai gari a madadinka. Yaron da ya rikice a hazo ran nan, shi ne dai ya hana ni taka wata fadama da ke haɗiye babur, wadda a allo shimfiɗaɗɗen fili ce mai kyau.

Yanzu mutum shida na koya wa karanta layukan, biyu malaman dabbobi, uku 'yan acaɓa, ɗaya ungozoma ce da ke zagaya ƙauyuka. In Allah ya kai mu rani, ni da Baba mun shirya gwada tudun da ke hanyar Njawai, ta inda ake hawa Chappal Waddi, mu ga ko muryata za ta iso Nguroje daga can. Duk wanda hanya ta kawo Najeriya daga cikinku, ya hau Mambila ya nemi malamin dabbobi a kasuwar shanu ta Nguroje. Akwai masauki, akwai shayin Kakara, akwai kuma babur da sabuwar sarƙa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku mai godiya,
Malamin dabbobi, Nguroje, Tsaunin Mambila.