Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Bauchi: Wa Ya Ce A Kulle Littafin?

Mai girma Kwamishina, assalamu alaikum. Allah ya taya ku riƙo. Mu malaman Hausa ne da masu kula da ɗakunan karatu a makarantun sakandare, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu.

Maganar wani littafin labari ce da ake ta ja-in-ja a kansa a makarantu, har ana kulle shi; ga labarinsa a taƙaice. Yarinya ce aka aurar tana shekara 14, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ɗan ya zo babu rai, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Miji ya sake ta, gidan ubanta aka gaji da ita, har shafin ƙarshe ba ta ga sakayya ba. Masu karatu sun rabu. Wasu iyaye na cewa tonon silili ne, zai sa 'yan mata tsoron aure, kuma babu namiji ko ɗaya na kirki a ciki. Wasu, musamman mata ma'aikatan jinya da ungozomomi, na cewa ai marubuciyar ta ma sassauta. A cikinmu malamai akwai masu ƙorafi na daban: an jibga wa jarumar masifu har ta zama ba ta da ta cewa, sai dai abu ya same ta kurum, kuma labarin da babu kafar numfashi a cikinsa yakan gajiyar da ɗalibi kafin ya kai tsakiya. Wannan suka ce mai tushe, mu ma ba mu ce littafin ba shi da aibi ba.

Saɓanin bai dame mu ba, don shi ne abin da ake nema a darasin adabi. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake kashe saɓanin. Wani ya ɗauki hoton shafi biyu ya watsa a zauren WhatsApp na iyaye. Da safe mutum ɗaya mai faɗa a ji ya kira shugaban makaranta. Kafin tashi, an kwashe kwafin da ke kan kanta an zuba a durowa an sa makulli. Babu takarda, babu zama, kuma sau da yawa wanda ya yi ƙorafin da wanda ya kulle duk ba su karanta littafin ba. Ba ma ganin laifin shugabannin makarantu sosai. Wanda ba shi da takardar da zai kare kansa da ita, dole ya zaɓi abin da zai raba shi da tashin hankali. Takardar nan kuwa daga teburinku take fitowa.

Ku tuna a jihar wa muke. Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garin Bauchi, shi ya rubuta Shaihu Umar tun shekarun 1930. Uwar Umar ta fita neman ɗanta, aka bautar da ita, aka ƙetare hamada da ita, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, da ta sadu da shi kuma ba ta jima ba ta rasu. An karantar da littafin nan a makarantu shekara da shekaru, ba wanda ya ce ya lalata tarbiyya. Da yau ya fito, wani ya ɗauki hoton shafi biyu, ashe Firayim Minista ma durowa zai kwana.

Kuma yoyon fitsari ba ƙagen marubuta ba ne. Gwamnatin tarayya ba ta kafa cibiyar kula da masu wannan lalura a Ningi don ado ba. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, kafa ta buɗe. Ɗalibar aji biyar da ta fahimci wannan daga labari, ta kuma ji daga bakin malama cewa naƙudar da ta wuce awa 12 ta asibiti ce, ta samu abin da zai iya ceton ta ko ƙanwarta. Duk ranar 11 ga Oktoba ana taruwa a yi jawabi a kan 'ya mace, a yi alkawarin ba ta ilimin da zai kare ta. To ga ilimin nan a durowa.

Ga abin da muke nema, kuma bai wuce takardar umarni mai shafi biyu ba.

Duk mai ƙorafi a kan littafi ya rubuta, da sunansa, da lambar shafin da ya dame shi, da dalili. Wanda bai iya rubutu ba, mai kula da ɗakin karatu ya rubuta masa ya karanta masa. Wannan kaɗai zai rage ƙorafin ji-ta-ji-ta, domin mai cewa "an ce" ba shi da lambar shafi. Daga nan a ba kwamitin mutum 5: malamin Hausa, malamin addini, mai ba ɗalibai shawara, mai kula da ɗakin karatu, da uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai. Mun ce uwa da gangan, don a yawancin zaman iyaye maza ne ke magana, littafin kuwa a kan mata yake. A makarantun da ke da ɗalibai Kirista, kamar na wajen Bogoro da Tafawa Balewa, a ƙara malaminsu.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne kowa ya karanta littafin daga bango zuwa bango. Littafi mai shafi 150 ba ya buƙatar fiye da mako 3, ko da kwafi biyu ake karɓa-karɓa. Inda ake samun matsala shi ne a bar mutum ɗaya ya karanta ya ba sauran labari, sai ra'ayinsa ya zama na kwamiti. Kafin a gama, littafin ya zauna a hannun mai kula da ɗakin karatu, a ba wanda malami ya aiko, kada a ɓatar da shi.

Hukuncin ma kada ya zama "a bari" ko "a cire" kawai. Akwai matakai a tsakani: a mayar da shi kantar 'yan aji biyar da shida, ko a ce sai tare da malami za a karanta. Ma'aunin kuma a fayyace shi ƙarara, domin a nan ake cakuɗa abubuwa. Batsa daban, bayanin wahala daban. Shafin da aka rubuta don tayar da sha'awa ba shi da gurbi a makaranta, ba mu da ja a kai. Shafin da ya nuna mace tana wanke zanenta cikin dare don kada a ji wari, wannan ba batsa ba ce, ɗaci ne kawai. A rubuta hukunci da dalilinsa a shafi ɗaya, a aika kwafi ofishin ilimi na shiyya, don kada littafi ɗaya ya halatta a Azare ya haramta a Misau.

Wasu daga cikin iyayen da ke ƙorafi suna da gaskiya ta wani gefen, amma laifin na koyarwa ne. Malami ya tsaya a ajin da ke haɗe maza da mata ya karanta babin naƙuda da ƙarfi, samari na dariya a baya, ya kuma nuna wata yarinya ya ce ta yi sharhi, alhali wataƙila labarin yayarta ne. Ba haka ake yi ba. Babi mai nauyi a gida ake karanta shi, a sanar da ɗalibai tun kafin su kai wurin. Tambayoyi a rubuto su a 'yar takarda babu suna. Darasin minti 40 ba ya ɗaukar karatu da tattaunawa gaba ɗaya, a raba shi biyu, a gayyato malamar kiwon lafiya a na biyun. Bitar kwana ɗaya ta isa a nuna wa malamai wannan.

Don Allah kada a ce mana kullewa kariya ce. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a bainar jama'a, rubutun bai tsaya ba. Yau ya koma cikin waya, ana sayar da shi babi-babi a zaurukan WhatsApp, kuma wanda ke yawo a can ya fi wanda kuke tsoro muni nesa ba kusa ba, babu malami a gefe.

Akwai sauran batutuwa, gara da ke cin kantoci, rufin da ke yoyo a kan littattafai, makarantun da ɗakin karatunsu ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Za mu dawo kansu wani lokaci. A yanzu muna roƙon takardar umarnin ta isa makarantu kafin a koma sabon zango, kuma duk littafin da aka kulle ba tare da zama ba a fito da shi a miƙa wa kwamiti.

Wassalam.

Daga wasu malaman Hausa da masu kula da ɗakunan karatu, Jihar Bauchi.