A Riƙa Tunawa Da Bukukuwan Finafinai Na Wajen Kano

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wahalar da masu shirya ƙananan bukukuwan nuna finafinai suke sha kafin labarinsu ya shiga jarida, musamman mu da muke wajen Kano, inda cibiyar Kannywood take.

A bara mun shirya nunin gajerun finafinan matasa na kwana biyu a Katsina, kuma kuɗin da muka tara duk ya ƙare a hayar zaure, majigi da man janareta. Na kai takardun gayyata da ƙafata, amma wani wakilin jarida ya duba takardar, ya ninke ta, sannan ya tambaye ni nawa aka ware na kuɗin mota. Ranar buɗewa kujerun da muka keɓe wa 'yan jarida a gaba suka zauna babu kowa.

Abin da ya cece mu shi ne rubuta labarin da kanmu, a taƙaice, da hotuna masu kyau, muka tura ta WhatsApp, muna farawa da wata ɗaliba da ta ɗauki fim ɗinta kacokan da wayar hannu a gindin hasumiyar Gobarau. Wannan labarin ne wani gidan rediyo ya ɗauka kyauta, domin edita, a ganina, mutum yake nema ba jerin sunayen manyan baƙi ba.

Don Allah jaridarku ta ware ɗan gurbi kowane mako inda za a riƙa sanar da irin waɗannan taruka ba tare da biya ba.

Naka,
Mai karatu daga Ƙofar Sauri, Katsina