Wasiƙa Daga Guangzhou

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan sai godiya, in ban da zafin garin nan mai danƙo, wanda ko wanka uku ka yi yana nan a jikinka.

Saƙonka ya iso, da hotunan jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da ka tsinto a Facebook, da kuma maganar da ka rufe da ita, wai mu ma shugaba irin Mao na ƙasar Sin muke buƙata, ya riƙe bulala ƙasa ta miƙe. Na yi dariya, don tun muna sakandare haka kake, kowane ciwo bulala ce maganinsa. Da gangan na ƙi amsa maka a waya. Akwai zancen da ba a yin sa a WeChat, shi ya sa na rubuta a takarda na ba Alhajin da zai dawo Kano ranar Laraba da kayan Kwari.

Ban ce ba ka da hujja ba. Tun da aka tumɓuke sarautar gidan Qing a 1912 ƙasar nan ba ta huta ba: madugan yaƙi suka yayyage ta, Chiang Kai-shek, jagoran sojan 'yan kishin ƙasa, ya karkashe 'yan kwaminis a Shanghai a 1927, Japan ta afko a 1937, daga nan kuma yaƙin basasa. Da Mao Zedong, jagoran 'yan kwaminis, ya tsaya a Tiananmen da ke Beijing ranar 1 ga Oktoba 1949 ya shelanta sabuwar ƙasa, ya haɗa abin da ya daɗe a warwatse. Wannan nasa ne. Amma bari in ba ka labarin wata tsohuwa.

Mahaifiyar mai shagon da nake sarin yadi a wurinsa ce, 'yar lardin Anhui, ta haura shekara 70. Kullum tana kan wata 'yar kujerar roba a bakin shago tana yanke zaren da ya zarce a samfur. Rannan na sayo shinkafa a gidan abincin Musulmi na unguwar Xiaobei, na ci na rage kamar loma uku, na nufi kwandon shara. Wallahi sai ji na yi an damƙe mini hannu. Tsohuwar nan ta karɓe robar, ta tattara shinkafar da yatsa har ƙwayar da ta maƙale a murfi, tana ta faɗa da harshen da ko kalma ɗaya ban kama ba. Ɗan ya ji kunya, ya yi ta ba ni haƙuri. Da ƙura ta lafa ne ya zauna yana fassara mini abin da take cewa.

Tana da shekara 8 a 1958, lokacin da Mao ya ƙaddamar da shirinsa na gagarumin tsalle zuwa gaba. Aka haɗe gonakin ƙauyuka suka zama gandu ɗaya na hukuma, aka hana kowa gayauna, aka hana girki a gida, kowa ya tafi babban ɗakin girki a zuba masa. Burin shi ne a wuce Birtaniya wajen ƙarfe cikin shekara 15, saboda haka aka ce a ninka ƙarfen shekarar zuwa tan miliyan 10.7. Kowane ƙauye ya gina tanderu. Ta ce tukunyar ƙarfen uwarta da sakatar ƙofarsu duk cikin wutar suka tafi, abin da ya fito kuwa wani dunƙule ne da ko fartanya ba za a ƙera da shi ba. Maza suna can suna hura wuta, amfanin gona yana ruɓewa a tsaye.

Sai maganar tsuntsaye. Kai da ka yi gadin jan-baki a gonar shinkafar Baba za ka gane. An yanke wa abu huɗu hukuncin kisa: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Su yara aka ba su kwanuka da sanduna, suka yi ta kaɗawa tun asuba don kada tsuntsu ya sauka, har ya gaji ya faɗo matacce. Ta ce a lokacin wasa suka ɗauke shi. Da tsuntsayen suka ƙare sai fari da tsutsa suka samu sarari. Sai a 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin-cizo.

Duk wannan ba shi ya fi tsaya mini a rai ba. Ƙarya ce ta kashe mutane. Jami'in ƙauye yana tsoron a ce shi mai ja da baya ne, gona ta ba da buhu 10 sai ya rubuta 30, na sama da shi ya ƙara nasa. Gwamnati kuma ta zo ta ɗebi kasonta a kan lissafin takarda, har da iri. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A 1959, mutane na cin ɓawon itace, ƙasar ta fitar da hatsi sama da tan miliyan 4 zuwa waje. Masana sun saɓa a kan yawan waɗanda yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe, daga miliyan 15 har zuwa 45. Tsohuwar ba ta san waɗannan alƙaluma ba. Ƙannenta biyu ta ƙirga mini da yatsu.

Kuma ba wai an rasa mai faɗa ba. Peng Dehuai, ministan tsaro, wanda ya ja sojojin Sin a yaƙin Koriya, ya je garinsu a Hunan ya gani da idonsa. A taron manyan jam'iyyar kwaminis a Lushan na Yulin 1959 ya rubuta wa Mao wasiƙa tsakaninsu, cikin ladabi. Mao ya sa aka rarraba ta ga mahalarta taron, aka tuɓe Peng. Daga baya 'yan jan-gadi, wato gungun ɗalibai masu bin Mao, suka lakaɗa masa duka, ya mutu a tsare a 1974. Bayan wannan wa zai sake buɗe baki? Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Juyin al'adun 1966 zuwa 1976 kuwa ba zan ja shi ba: ɗalibai suna dukan malamansu, masallatai da gidajen bauta a rufe, shugaban ƙasa Liu Shaoqi ya mutu a tsare a 1969.

To, arzikin da kake gani a hoto daga ina? A ƙarshen 1978, shekara biyu bayan mutuwar Mao, manoma 18 a ƙauyen Xiaogang, can lardin tsohuwar, suka taru a ɓoye suka raba gandun hukuma gida-gida. Suka dangwala yatsa a takarda, da alkawarin in aka kama jagororinsu, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18. Girbin 1979 ya ninka na baya sau da yawa. Deng Xiaoping, wanda ragamar ƙasar ta koma hannunsa, ya goyi bayansu, tsarin ya bazu, a 1980 aka buɗe garin Shenzhen ga masu jari. Gayauna ce ta dawo, aminina. Amma kada ka ɗauka bulalar ta tafi: Deng ɗin nan shi ya tura tankoki kan masu zanga-zanga a Beijing ranar 4 ga Yuni 1989, kuma har yau ba a ambaton ranar a fili. Jam'iyyar ta amsa a 1981 cewa Mao ya tafka kurakurai, ta ce alherinsa ya rinjaya. Hotonsa na kan kowace takardar kuɗi a aljihuna, daga yuan 1 zuwa 100. Tsohuwar ma da na tambaye ta a kansa, sai ta ci gaba da yanke zarenta.

Yanzu kullum na iso shago gaisuwarta ɗaya ce, na ci abinci? Ni kuma sai na nuna mata robar a suɗe.

Don Allah in Alhaji zai juyo ka haɗo ni da yaji da daddawa da kuka, kilishi kuwa kada ka wahalar da kanka, a filin jirgi za a ƙwace. Atamfar uwargida tana cikin jakar shuɗiya. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka na Guangzhou