Gurbin karatun likita: a duba inda yaro ya tashi

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan yadda ake rabon guraben karatun likita a jami'o'in tarayya.

Ƙa'idar da hukumar JAMB ke bi sananniya ce. Kashi 45 cikin ɗari na masu maki mafi yawa ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da aka ware a matsayin yankin jami'ar ne, sai kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, yawancinsu na Arewa, amma har da irin su Bayelsa da Ebonyi. Ni ba na cikin masu cewa a soke wannan tsari. Duk wanda ya taɓa koyarwa a sakandaren ƙauye, inda malami ɗaya ke riƙe da darussan kimiyya uku, ɗakin gwaje-gwaje kuwa ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, ya san dalilin kafa shi.

Kukana yana kan abin da ake auna ɗan yanki da shi, wato takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ita ce wuƙa, ita ce nama. Na koyar da wata yarinya a nan Sabon Gari, a Kano aka haife ta, a nan ta yi firamare da sakandare, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Takardarta ta ce ita 'yar wata jiha ce a Kudu, garin da ba ta zuwa sai in an yi rasuwa. Ta ci maki mai kyau, amma da yake ba a lissafa ta a 'yar yanki, sai ta yi kokawa a cikin kashi 45 ɗin nan da duk haziƙan ƙasar. Ba ta samu ba, wanda take ba wa amsa a aji ya samu. Haka yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Agege yake: kakansa ne ya baro Katsina da fataucin shanu, amma shi har gobe baƙo ne a jami'ar da yake hangowa daga ƙofar gidansu.

A karatun likita abin ya fi ciwo, domin MDCN, hukumar da ke kula da aikin likita a ƙasar nan, ita ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin koyarwarta. Dubban yara ke neman guraben da ba su taka kara sun karya ba, maki biyu ko uku sun isa su raba mutum da burinsa.

Su wa ke cin moriyar kason marasa gatan, wato kashi 20 ɗin nan? Sau da yawa 'ya'yan manya ne da suka yi makarantun kuɗi a Abuja. Lokacin cike fom sai a tura direba sakatariyar ƙaramar hukuma, dagaci ya sa hannu, a buga hatimi, shi ke nan yaro ya zama ɗan ƙauyen da bai san hanyarsa ba. Ɗan manomin da aka yi tsarin dominsa yana can bai haɗa kiredit biyar ba.

Kuma ai amfanin fifita ɗan yanki shi ne a samu likitan da zai zauna ya yi wa mutanen wurin aiki. Bayan shekara shida ta karatu da shekara guda ta horo a asibiti, wa ya fi kusa da zama a Kano: wadda iyayenta da ƙawayenta ke nan, take iya jin koken tsohuwa mai ciwon ƙafa ba tare da tafinta ba, ko wanda takarda kaɗai ta haɗa shi da jihar?

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da JAMB su riƙa lissafa duk wanda ya yi sakandarensa a jiha a matsayin ɗan yankin. Tabbatar da hakan ba wuya, tunda sunan makaranta yana jikin sakamakon WAEC da NECO. Kason kashi 20 kuma a fara ba wa waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati na jihohin.

Na gode.

Naka,
Wani malamin sakandare, Kano